Mai kuɗi ko mai rubutu: wa ke riƙe da linzamin labari a gem?

Mai Rimot:
Assalamu alaikum jama'a. Tun watan Satumban 2025 da aka sanar da cinikin EA, babban kamfanin gem (wasannin bidiyo) na Amurka, a kan dala biliyan 55 wata magana ke yi mini yawo a kai. Masu sayen su ne asusun zuba jari na gwamnatin Saudiyya, wato PIF, da Silver Lake, da kamfanin Jared Kushner, surukin Trump. Kamfanin da ke da Battlefield da The Sims da wasan ƙwallon nan da kowa ke bugawa fa. Abin da na lura da shi, da zarar ƙaramin kamfanin gem ya girma, ko wani mai hannu da shuni daga waje ya zuba masa kuɗi, sai bakinsa ya mutu. Wasan da a da yake taɓo gwamnati da yaƙi da zalunci, sai ya koma harbi da gudu kawai. Ni kaɗai nake ganin haka, ko da gaske kuɗi na toshe baki?

Ɗan Lissafi:
Wa alaikumus salam Malam Mai Rimot. Kafin mu kai ga mai kuɗin, mu fara duba yawan kuɗin. A 2023, lokacin shari'ar hukumar kasuwanci ta Amurka da Microsoft kan sayen Activision, wata takardar Sony da ba a shafe da kyau ba ta tona cewa The Last of Us Part II ya ci kusan dala miliyan 220, Horizon Forbidden West kuma miliyan 212. Wanda ya kashe wannan kuɗi dole ya sayar wa miliyoyin mutane kafin uwar kuɗi ta dawo, kuma a cikinsu akwai mai ra'ayin riƙau, akwai mai sassauci, akwai ɗan Rasha, akwai ɗan Sin. Kowane ɓangare ya yi fushi, gibi ne a lissafi.

Sai ka ɗauki Papers, Please na 2013. Mutum ɗaya ya yi shi, Lucas Pope. Kai ne jami'in shige da fice a kan iyakar wata ƙasar kama-karya, kana buga hatimi, kana zaɓa tsakanin bin doka da tausayin matar da takardarta ba ta cika ba, alhali iyalinka na jiran albashin da za a zaftare in ka yi kuskure. Da mutum dubu goma za su tsani wasan, ko a jikinsa. Ba albashin ma'aikata ɗari biyar a wuyansa.

Auta:
Ni dai Yaya, in na kunna gem hutawa nake so. In siyasa nake nema ai ga labarai nan. Su cire ta ma ya fi mini.

Uwar Biyu:
Auta, wa ya gaya maka an cire ta? Call of Duty ɗin da kake kwana a kai, na ga sunanka a kunne har ƙarfe biyun dare, siyasa ce tsagwaronta. A Modern Warfare na 2019 akwai wurin da ake kira hanyar mutuwa, a wata ƙasar ƙage mai suna Urzikstan, aka ce Rasha ce ta yi wa masu gudun tsira luguden wuta a kanta. To hanyar da duniya ta sani da wannan suna tana tsakanin Kuwait da Basra, kuma a Fabrairun 1991 jiragen Amurka da ƙawayenta ne suka ƙone jerin motocin sojojin Iraƙi da ke janyewa a kanta. An ɗauki sunan, an canza mai laifin. Rashawa suka yi ca, har Sony ta ƙi sayar da wasan a shagonta na intanet a Rasha.

Sannan ga Homefront na 2011. Da farko Sin ce za ta mamaye Amurka a labarin, aka mayar da ita Koriya ta Arewa. Ƙasar da ke fama da ciyar da mutanenta, wai ita ce ta ci Amurka da yaƙi. Labarin bai shiga hankali ba, amma lissafin ya shiga: Koriya ta Arewa ba ta sayen gem, ba ta da masana'antar da ke haɗa na'ura, ba ta da lasisin da za ta hana ka.

Don haka Malam Mai Rimot, ni ban yarda bakin manyan kamfanoni mutuwa yake yi ba. Zaɓar wanda za a taka ake yi.

Sai Na Gani:
Duk na ji, amma har yanzu ba wanda ya kawo mini wuri ɗaya da mai hannun jari ya ɗaga waya ya ce a goge kaza. Kuma ga abin da ke rusa zancen. A Oktoban 2019 Blizzard ta hukunta ɗan wasan Hearthstone, Blitzchung, don ya yi kiran a 'yantar da Hong Kong a hirar bayan gasa. Dakatarwar shekara guda, aka ƙwace kyautarsa ta kusan dala 10,000, aka sallami masu sharhi biyu da ke tare da shi. Kowa ya ce ai Tencent ce, katafaren kamfanin nan na Sin. Nawa Tencent ke da shi a Activision Blizzard, uwar kamfanin Blizzard, a lokacin? Kusan kashi 5 cikin 100. A Epic kuwa, mai Fortnite, a lokacin tana da kusan kashi 40 da ta saya a 2012, amma a makon da abin ya faru shugaban Epic, Tim Sweeney, ya fito ya ce kamfaninsa ba zai hukunta kowa don ya faɗi ra'ayin siyasa ba. Mai kashi 40 bai toshe baki ba, mai kashi 5 ne zai toshe? Ku daidaita mini wannan.

Ɗan Lissafi:
Tambaya mai kyau, kuma amsarta na nuna inda igiyar take. Sweeney shi ke da rinjayen ƙuri'a a Epic, kashi 40 ɗin Tencent ba zai iya tsige shi ba. Blizzard kuwa ba hannun jarin ne damuwarta ba, kasuwar ce. Kamfanin waje ba ya sayar da gem a Sin da kansa, sai ta hannun abokin hulɗa na cikin gida, kuma kowane wasa sai hukuma ta ba shi lasisi. NetEase ce ke riƙe da World of Warcraft da Hearthstone a can. Gwamnatin ta taɓa dakatar da ba da lasisi na wata tara a 2018, ta sake daga tsakiyar 2021 zuwa Afrilun 2022. Wanda ya san ana iya rufe masa ƙofa dare ɗaya ba ya jiran a kira shi.

Shugaban Blizzard na lokacin, J. Allen Brack, ya ce alaƙarsu da Sin ba ta shiga hukuncin ba, suka rage dakatarwar zuwa wata shida suka mayar da kuɗin. Mai yiwuwa ma gaskiya ya faɗa, cewa ba wanda ya kira su. Abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

Kawu:
Ku yaran nan kun tsaya a kan Sin, bari in kai ku Faransa. Ba kamfanin da ya ƙware a wannan rawa kamar Ubisoft. The Division 2 a birnin Washington aka kafa shi, gwamnati ta ruguje, Fadar White House ta zama sansaninka, kana harbi a gindin ginin majalisa. Da aka tambayi daraktan wasan, Terry Spier, a 2018, ya dage cewa ba wani saƙon siyasa a ciki. A wannan shekarar ta 2018 wani babban jami'in Massive, situdiyon da ya yi wasan, Alf Condelius, ya faɗi abin ƙarara, cewa ɗaukar ɓangare a siyasa ba ya yi wa kasuwanci kyau. Na fi ganin girman wannan, ko ba komai bai raina mana hankali ba.

Far Cry 5 haka. Tallansa ya cika da tuta da bindiga da masu wa'azin ƙarshen duniya a jihar Montana, kowa ya zaci za a taɓo masu tsattsauran ra'ayin Amurka. Da wasan ya fito sai ga ƙungiyar asiri da ake juya wa tunani da ƙwaya, ba ta kama da kowa ba, don kada kowa ya ga kansa. Sun ci ribar hayaniyar, sun guje wa maganar.

Amma ku dubi Ghost Recon Wildlands na 2017. Nan ba a ƙirƙiri wata ƙasa ba, Boliviya aka kira da sunanta, aka mayar da ita daular masu hodar iblis da sai sojan Amurka ya zo ya gyara. Gwamnatin Boliviya ta kai ƙorafi ofishin jakadancin Faransa. Me ya canza? Ba komai. Shekara guda bayan haka kamfanin nan ya sanar zai cire ƙoƙon kai da jini da injinan caca daga Rainbow Six Siege a duk duniya don shiga kasuwannin Asiya, sai da 'yan wasa suka tayar da ƙura ya janye. A 2018 ɗin ne kuma Tencent ta sayi kashi 5 na Ubisoft. Ban ce ita ta sa ba, kar Sai Na Gani ya taso mini.

Sai Na Gani:
Na riga na taso, Kawu. Amma na gode da ka faɗa da bakinka.

Auta:
Wai da gaske ne a PUBG na Sin in ka harbe mutum ba ya mutuwa?

Kawu:
Da gaske ne. Tun Mayun 2019 aka canza masa suna zuwa Game for Peace, aka mayar da shi atisayen soja. Wanda ka harba durƙusawa yake yi, ya ajiye maka akwatin kayansa, ya ɗaga maka hannu. Tencent ta daɗe ba ta samu izinin karɓar kuɗi a tsohon wasan ba, da ta yi wannan kwaskwarima aka ba ta.

Mai Rimot:
To ga misalin da ya sa na buɗe zancen tun farko: Disco Elysium. Wasu marubuta da masu zane a Estoniya suka yi wasan da ya fi kowanne nutsewa a siyasa, gurguzu da jari-hujja da 'yan kishin ƙasa da masu tsaka-tsaki, ba wanda bai sha ba'a ba. A bikin The Game Awards na 2019 suka ci kyauta huɗu, suka hau dandamali suka gode wa Marx da Engels. Kafin shekara uku an fitar da babban marubucin, Robert Kurvitz, da mai zanen, Aleksander Rostov, da marubuciya Helen Hindpere daga kamfanin ZA/UM, masu jari suka riƙe sunan wasan da duniyar da Kurvitz ya shafe shekaru yana ginawa. In wannan ba kuɗi ne ya cinye mai magana ba, mene ne?

Sai Na Gani:
Malam, a yi adalci. Rikicin ZA/UM na mallaka ne. Su Kurvitz sun ce da maguɗi aka karɓe rinjayen hannun jari, kamfanin ya ce don rashin kyakkyawar mu'amala da ma'aikata aka sallame su, aka yi ta shari'a. Ba wanda ya ce an kore su don sun ambaci Marx. Ƙari a kan haka, wasan da kake yabo da kuɗin wa aka yi shi? Da kuɗin 'yan kasuwar Estoniya. Ba don jari ba, da labarin yana nan a littafin Kurvitz da bai yi kasuwa ba.

Kuma manyan kamfanoni sun sha fitar da wasa mai haƙori. Spec Ops: The Line na 2012, 2K ce ta fitar, wasan da ke sa ka jefa wa mutane farin fosfaras sannan ya tilasta maka ka taka a ƙasa ka ga fararen hular da ka ƙona. Wolfenstein II na 2017, Bethesda ta tallata shi da kiran a tsarkake Amurka daga 'yan Nazi, a daidai lokacin da maganar ke da zafi, aka yi ta zaginta ba ta janye ba. 11 bit studios na Poland suna kasuwar hannun jari ta Warsaw, amma su suka yi This War of Mine, inda kake farar hula a garin da aka yi wa ƙawanya, har gwamnatinsu ta sa shi cikin jerin abin da ɗalibai za su iya nazarta. Girma bai hana su ba.

Uwar Biyu:
Spec Ops bai yi ciniki ba, ba a sake yin irinsa ba, kuma an hana shi a Daular Larabawa tunda a Dubai aka kafa labarin. Wolfenstein kuma, zagin Hitler a 2017 wane hatsari ne? Ko shi ɗin, a bugun Jamus sai da aka cire alamar Nazi aka aske wa Hitler gashin baki saboda dokar ƙasar, wadda ba a sassauta wa gem ba sai Agustan 2018.

Amma inda zan goyi bayanka, Sai Na Gani, shi ne ƙanƙanta ma ba 'yanci ba ce. Red Candle Games na Taiwan ƙananan yara ne, ba Tencent a cikinsu. A Fabrairun 2019 aka gano wata 'yar takarda manne a bango a wasansu Devotion tana yi wa Xi Jinping shaguɓe. Kwanaki kaɗan wasan ya bar shagon intanet na Steam, kamfanin da ya fitar musu da shi a Sin ya rasa lasisin kasuwancinsa gaba ɗaya. A Disambar 2020 shagon GOG ya ce zai sayar da shi, kafin rana ta faɗi ya janye, wai 'yan wasa sun aiko da saƙonni da yawa. Wannan fa 'yan kwanaki bayan uwar kamfanin GOG ta lokacin, CD Projekt, ta fitar da Cyberpunk 2077, wasan da gaba ɗayansa kan zaluncin manyan kamfanoni ne. Sai a 2021 Red Candle suka buɗe nasu shagon suka sayar da abinsu.

Haka Rasheed Abueideh, Bafalasɗine, da ya yi Liyla and the Shadows of War kan wata yarinya a yaƙin Gaza na 2014. A 2016 Apple ta ce ba za ta karɓe shi a sashen wasanni ba, ya kai shi sashen labarai, sai da aka yi surutu ta sauko. Wasansa na gaba kan Nakba, wato korar Falasɗinawa daga gidajensu a 1948, da kuɗin karo-karo na jama'a a intanet ya fara shi, don masu jari sun ƙi taɓawa. Ƙaramin situdiyo ba shi da mai jari a kansa, amma mai shago na gabansa, kuma shagunan ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ba.

Kawu:
Tunda an zo nan, bari in faɗi wadda ba za ta yi wa wasunmu daɗi ba. Mu ma muna cin moriyar wannan tsoron. A 2008 Sony ta janye LittleBigPlanet daga shaguna a duk duniya ta ɗage fitowarsa, saboda wani kiɗan Toumani Diabaté na Mali da ke ciki yana ɗauke da ayoyin Alƙur'ani. A 2021 aka ga shafukan Alƙur'ani zube a ƙasa a Call of Duty: Vanguard, Activision ta cire ta nemi afuwa nan take. Na ji daɗin duka biyun, kuma daidai suka yi. Sai dai ban ruɗi kaina cewa tsoron Allah ne ya kama su ba. Kasuwar Gabas ta Tsakiya suka duba. Hanyar da ta kare mana alfarmar littafinmu, ita ce ta goge hoton dandalin Tiananmen daga tallan Black Ops Cold War a 2020. In mun yaba a can mun yi tir a nan, mu dai san abu ɗaya ne ke aiki.

Wanda ba shi da kasuwa kuwa, ko oho. 'Ya'yan Jonas Savimbi, madugun 'yan tawayen Angola, sun kai Activision kotu a Faransa kan yadda aka nuna ubansu a Black Ops II kamar wani mahaukacin mai son jini, suna neman yuro miliyan 1. Kotu ta kori ƙarar a 2016. Ba kare Savimbi nake ba, tarihinsa sananne ne, amma ku nuna mini babban wasan da ya yi wa wani shugaban Sin ko yariman Saudiyya irin wannan zane.

Mai Rimot:
Wannan ta dawo da mu kan EA. Kawu, kana ganin Saudiyya za ta sa hannu a labaran wasanninsu?

Ɗan Lissafi:
Bari in riga Kawu. Abin da aka gani zuwa yanzu ya fi kama da ƙari a kan ragi. Gidauniyar yarima Muhammad bin Salman ta mallaki kusan kashi 96 na SNK ta Japan, sai ga Cristiano Ronaldo, ɗan wasan Al-Nassr, ya zama ɗan dambe a sabon Fatal Fury na 2025. Savvy Games, reshen PIF, ya sayi ESL da FACEIT, masu shirya gasar gem, a kan dala biliyan 1.5 a 2022, ya sayi Scopely, mai wasannin waya, a kan biliyan 4.9 a 2023. Suna suke nema da gyaran fuska a idon duniya, kuma mai neman suna ba ya son a ce ya toshe bakin marubuci. Wani lokacin ma ma'aikata na yin nasara: a Yulin 2020 Riot, wadda Tencent ta mallaka ɗungurungum, ta ƙulla tallan birnin NEOM na Saudiyya a gasarta ta Turai, masu sharhinta suka yi bore, ba a kwana biyu ba aka soke.

Ni abin da nake kallo a cinikin EA shi ne bashin dala biliyan 20 da aka ɗora a kansa. Kamfanin da ke biyan ruwan wannan bashi zai riƙe abin da ke kawo kuɗi kowace shekara, ƙwallo da Madden da Battlefield. Situdiyon EA irin BioWare, mai dogayen labarai da ke taɓo mulki da wariya da addini, shi ne zai fara zama nauyi. Mun ga haka a Embracer, kamfanin gem na Sweden. Savvy ta zuba musu dala biliyan 1 a 2022, suka yi ta sayen kamfanoni, a Mayun 2023 wata yarjejeniyar biliyan 2 ta wargaje a daren ƙarshe, suka rufe Volition da Free Radical, rahotanni suka ce har sabon Deus Ex da ake aiki a kai aka soke. Ba wanda ya karanta labarin Deus Ex ɗin ya ce ya yi zafi. Layi ne a takardar kasafi aka ja masa biro.

Sai Na Gani:
To ka ga wannan na yarda da ita, don tana da lamba. Amma ta nuna ba ra'ayin mai jari ne matsalar ba, bashi ne. Da wani bankin Amurka ne kaɗai ya saya da bashin nan, sakamakon ɗaya ne.

Uwar Biyu:
Ba ɗaya ba ne. Bankin Amurka ba shi da yaƙi a Yaman, ba shi da ɗan jaridar da aka kashe a ofishin jakadancinsa a Istanbul. Marubucin Battlefield na gaba da zai zauna zaɓar ƙasar da za a yi yaƙi a cikinta da wanda zai zama mugu, ya san wa ke biyan albashinsa, kuma ya san surukin wa ke cikin masu kamfanin. Ba sai an aiko masa da takarda ba. Kuma kai da kake jiran hujja ba za ka taɓa samunta ba, don labarin da aka fasa rubutawa ba ya barin sawu.

Sai Na Gani:
Hajiya, zancen da ba za a iya tabbatarwa ba kuma ba za a iya ƙaryatawa ba, ai kowa na iya yin sa. Mu ajiye a nan: in Battlefield na gaba ya fito, mu duba su wa aka sa a matsayin abokan gaba. In ƙungiyar sojojin haya ce marar ƙasa marar tuta, zan ce kin ci rabi.

Kawu:
Ai ka riga ka biya rabin. Battlefield 6 da ya fito a Oktoban 2025, da wa ake yaƙi? Pax Armata, kamfanin sojojin haya. Kuma an gama rubuta shi tun kafin a yi zancen ciniki.

Auta:
Ni dai a bar mini yanayin intanet ɗin kar a taɓa. Wa ke kunne yanzu mu shiga?